Amanar Zama Cikin Kwamitin Ƙungiyar Gama Kai

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, a wannan mako za mu yi magana a kan wani al'amari da ya shafi aljihun ɗan kasuwa da na ma'aikacin gwamnati baki ɗaya, watau zama cikin kwamitin ƙungiyar gama kai ta sayen abinci, da irin nauyin da Shari'a ta ɗora wa duk wanda jama'a suka zaɓa don wannan aiki.

Wanda ya san ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, ya san ƙasar noma ce. A tudu ana samun gero da dawa da wake, a fadamun Gulbin Zamfara kuwa ga shinkafa da albasa. Amma duk da haka, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kuchi, labarin ɗaya ne kowace shekara. Da kaka hatsi yakan yi araha, manomi ya sayar don biyan bukata. Kafin damina ta yi tsakiya farashi ya hau, sai manomin nan da malamin makaranta da ƙaramin ɗan tireda su haɗu a bakin rumfar mai awo, kowa yana lissafin mudu. Wannan ne ya sa mutane suke haɗa kuɗi su sayi abinci da yawa lokacin da yake da sauƙi, su ajiye, su raba ko su sayar wa junansu da rangwame. Ma'aikata sukan yarda a riƙa yankar wani abu daga albashinsu kowane wata, 'yan kasuwa kuwa su zuba hannun jari. Kuɗin nan duka a hannun mutane kaɗan suke taruwa: Shugaba, Magatakarda, Ma'aji, da sauran 'yan kwamiti.

ASALIN AL'AMARIN

Masana tarihin gama kai sukan fara lissafi daga garin Rochdale na Ingila, inda a shekarar 1844 mutum 28, da yawansu masaƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗan kanti na sayar da garin alkama da sukari da man shanu, don su tsira daga tsada da algus. A Nijeriya kuwa, bayan rahoton da wani Bature mai suna Strickland ya rubuta a 1934, aka kafa dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, sa'an nan a 1993 Gwamnatin Tarayya ta fito da doka mai lamba 90. Gwamnatoci sun sha bi ta hannun irin waɗannan ƙungiyoyi don isar da taki da rance ga manoma, tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 har zuwa shirin ba manoman shinkafa rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015.

Amma Musulmi bai jira Rochdale ba. Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Musa cewa mutanen ƙabilar Ash'ari, idan guzuri ya yi musu ƙaranci ko abincin iyalansu ya ja baya a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai da ma'auni guda, Annabi (S.A.W.) ya yabe su har ya lissafa su cikin nasa. Gayya da adashi da muka gada duk daga wannan rijiya suke ɗiba. Saboda haka asalin abin halal ne, abin yabo ne kuma. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen riƙo, domin aya ta 24 ta Suratu Sad ta faɗakar da mu cewa da yawa daga masu tarayya cikin dukiya sukan zalunci juna, in ban da masu imani da aikin ƙwarai, su kuwa kaɗan ne.

MATSAYIN ƊAN KWAMITI

A fiƙihun Malikiyya ɗan kwamiti wakili ne, wakili kuwa amintacce ne. Ma'anar haka ita ce idan dukiya ta salwanta ba da sakacinsa ba, kamar gobara ta ci sito alhali ya yi iyakar kiyayewa, ba za a ce ya biya ba. Amma idan ya ƙetare iyakar da aka yi masa, ko ya yi sakaci, to, ramuwa ta hau kansa. Ma'ajin da ya ɗauki kuɗin ƙungiya ya juya a shagonsa da niyyar mayarwa kafin taro ya ƙetare iyaka, ko da ya mayar da su cif. Shugaban da ya bar buhunan wake a sito mai yoyo har ƙwari suka cinye ya yi sakaci, ko da bai ci ƙwaya ɗaya ba.

Siffofi biyu Alƙur'ani ya nuna mana ga wanda za a ba aiki. A aya ta 26 ta Suratul Ƙasas an ambaci ƙarfi da amana. A aya ta 55 ta Suratu Yusuf, sa'ad da Annabi Yusufu (A.S.) zai karɓi taskokin abincin Masar, da tsarewa da sani ya siffanta kansa. Ke nan kirki kaɗai bai isa ba. Annabi (S.A.W.) ya hana Abu Zarri muƙami duk da tsoron Allah da aka san shi da shi, saboda ya ga rauni a tare da shi. Dattijon da ba ya iya duba littafin kuɗi bai kamata a ɗora masa ma'aji don girmamawa ba. A ba shi wurin shawara. Haka nan an gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci. Wanda muka ga yana bin gida gida yana rabon goro don a zaɓe shi Ma'aji, sai mu tambayi kanmu abin da ya hango.

WURARE HUƊU DA ƘAFA KE ZAMEWA

Na farko, wajen saye. Ɗan kwamitin da aka aika kasuwa, dillali ya ware masa wani abu a kan kowane buhu, wannan abin ba nasa ba ne, na ƙungiya ne. Labarin Ibnul Lutbiyya sananne ne: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa kyautar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya soki gaisuwar da ake kai wa masu iko a littafinsa Kitabul Farƙi. Idan aikin yana cin lokaci, babban taro ya yanka wa mutum lada a fili, wannan halal ne. Ɗan kasuwar da ke cikin kwamiti kuwa, idan yana son sayar wa ƙungiya hatsinsa, lalle ne ya bayyana, ya kuma tashi daga zaman da za a yanke farashi.

Na biyu, wajen awo. Suratul Muɗaffifina ta buɗe da narkon azaba ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Mudun saye da mudun rabo su zama ɗaya. Kada a sa tsaba mai kyau a bakin buhu a ɓoye mai tsakuwa a ƙasa, domin Muslim ya ruwaito yadda Annabi (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi, ya kuma barranta daga mai algus. Har ila yau an hana sayar da abincin da aka saya tun ba a karɓe shi ba, Malikiyya kuwa sun tsananta a kan wannan. Saboda haka kada kwamiti ya sayar wa 'yan ƙungiya shinkafar da ke hannun mai ita tukuna. A auna, a karɓa, kana a sayar.

Na uku, wajen bashi. Ba manomi buhun gero ɗaya da damina don ya biya biyu da kaka riba ce tsantsa, ko ƙungiya ce ta bayar. Ƙara wa mutum kuɗi don ya makara wajen biya shi ma riba ne. Amma Shari'a ta buɗe ƙofofi. Ya halatta a sayar da buhu bashi da farashin da ya ɗara na hannu, muddin an yanke farashi ɗaya da lokacin biya tun wurin ciniki. Ya halatta kuma a yi cinikin salam, watau a ba manomi kuɗi yanzu a kan hatsin da zai kawo daga baya, da sharaɗin a san irinsa da yawansa da lokacin kawowa. Ɗan kwamiti kuma kada ya zama shi ne na farko wajen cin bashi, na ƙarshe wajen biya. Ƙungiyoyi da yawa ba ɓarawo ne ya kashe su ba, bashin manya ne wanda aka ji kunyar tambaya.

Na huɗu, wajen rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ce neman rasidi rashin yarda ne bai fahimci addini ba. Kuɗi su kwana a banki da sunan ƙungiya, kada a fitar sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Mai riƙe makullin sito ya zama dabam da mai riƙe littafi. Dokar 1993 ta tanadi a riƙa binciken lissafin ƙungiya mai rajista kowace shekara, a kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ribar da aka samu a ajiye don gaba. Bin wannan cika alkawari ne, tun da a kansa aka yi rajista.

TANADI KO ƁOYE ABINCI?

Wasu sukan tambaya: ashe tara hatsi a sito ba shi ne ɓoyon abincin da hadisin Ma'amar ɗan Abdullahi ya kira mai yinsa mai saɓo ba? Malamai sun bambance. Abin da aka hana shi ne saye abinci a kasuwa lokacin ƙunci a riƙe shi don farashi ya hau a cutar da jama'a. Saye lokacin yalwa don ci ko don sauƙaƙa wa mutane daga baya kuwa, wannan shi ne dabarar Annabi Yusufu. Dattawan da suka ga farin 1973 sun san darajar rumbu. Amma ranar da kwamiti ya kulle sito alhali 'yan ƙungiya suna neman abin da za su sa a tukunya, don yana jiran buhu ya ƙara tsada, ranar nan ya fita daga tanadi ya shiga abin da aka hana.

Game da zakka, abincin da aka saya don ci babu zakkar ciniki a kansa. Wanda aka saya don kasuwanci kuwa, a Malikiyya rabon kowane mutum ake dubawa, a haɗa da sauran dukiyarsa, in ya kai nisabi shekara ta kewayo ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Don haka wajibi ne kwamiti ya sanar da kowa ƙimar rabonsa a ƙarshen shekara, domin kada jahilcin lissafi ya hana mutum sauke farali.

NAUYIN SAURAN 'YAN ƘUNGIYA

Ba kwamiti kaɗai za a tambaya ba. Ƙa'idar gama kai ita ce kowane mutum ƙuri'a ɗaya gare shi, ko jarinsa ya yi yawa ko kaɗan, Suratush Shura kuma ta yabi masu gudanar da al'amarinsu da shawara. Wanda ba ya zuwa babban taro, ba ya sauraron lissafi, sai ranar rabo, shi ma ya taimaka wajen lalacewa. Cikin masu zuba kuɗin nan akwai gwauruwa mai marayu, akwai masinja, akwai ɗan fansho, waɗanda ba su iya ɗaga murya gaban manya. Wanda ya iya karatu ya yi tambaya a madadinsu, cikin ladabi, ba da zargi ba.

Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a matsayin ribaɗi, watau wurin tsaron iyakar Musulmi. Tsare abincin jama'a daga ƙwari da riba da son zuciya shi ma tsaro ne, mai yinsa da gaskiya kuma yana da lada. Wanda aka zaɓa ya karanta aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita, kafin ya karɓi makulli. Wanda ya san ba zai iya ba, ya ce a ba wani. Wannan ba abin kunya ba ne. Wanda kuma ya san akwai kwabon ƙungiya a wuyansa, ya mayar tun yau, tun ana biya da kuɗi, kafin ranar da za a biya da ayyukan lada.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sa albarka cikin abincinmu da kasuwancinmu. Amin.