Kare, Yawon Ƙafa da Ranar Sayar da Gida a Ingila

Tun da asuba a yawancin unguwannin Ingila za ka ga mutane sun fito cikin sanyi da yayyafi, kowa da igiya a hannu, kare na gaba yana shinshine-shinshine. A aljihun kowannensu akwai 'yan ledoji. Da karen ya tsuguna, mai shi zai zura hannu cikin leda ya kwashe kashin, ya ƙulle, ya riƙe abinsa har ya kai kwandon shara. Wanda ya bari a hanya ana iya cin tararsa har fam 100 nan take, in maganar ta kai kotu kuwa tana iya kaiwa fam 1,000. Bahaushen da ya fara ganin dattijo mai furfura yana wannan hidima yakan riƙe baki. Kafin a yi dariya dai, gara a san abin da ya kawo hakan.

A wurinmu kare ma'aikaci ne, na farauta ko gadi ko kiwo, kuma wurinsa waje. A can ɗan gida ne. Yana da shimfiɗarsa a ɗakin girki, wani ma har kan gado, yana da likitansa, da yawa kuma suna da inshorar lafiya. Tun Afrilun 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da ke kaiwa ga sunan mai shi, wanda ya ƙi kuma tarar tana kaiwa fam 500. Abin ya daɗe: an kafa ƙungiyar RSPCA mai yaƙi da cin zalin dabbobi a 1824, gidan karɓar ɓatattun karnuka da yau ake kira Battersea kuma Mary Tealby ce ta assasa shi a Landan a 1860.

Tushen al'amarin yana cikin tsarin gidan kansa. Gidan Bature na miji da mata ne da 'ya'yansu, ba kakanni, ba matan 'yan'uwa, ba jikoki masu kai da kawo a tsakar gida. Yaro na cika shekara 18 sai ya tafi jami'a ko wurin aiki, galibi wani gari, kuma ba a sa ran zai dawo ya ja ɗaki a gefe ya ajiye mata. Sai a wayi gari tsofaffi biyu ne a gida mai ɗaki huɗu. Karen shi ne mai motsi a cikinsa, shi ne mai tilasta musu tashi da wuri, kuma a dalilinsa suke gaisawa da maƙwabtan da in ba haka ba sai a shekara ba a ce uffan ba. Yana yi wa mai shi aikin da cikar gida take yi mana.

Ranar Asabar ko Lahadi yawon yakan yi nisa. A saka takalman taka taɓo, a ɗauki jakar baya da shayi a gora, a nufi tuddai. Ingila da Wels suna da hanyoyin ƙafa na jama'a da tsawonsu ya kai kimanin mil 140,000, da yawansu sun ratsa ta tsakiyar gonakin mutane, kuma mai gona ba shi da ikon toshe su. A wasu shingayen za ka ga matakalar katako ta haurawar mutum, kusa da ita kuma wata 'yar ƙofa da ake ɗagawa sama kare ya wuce. Wannan 'yanci ba a sama aka tsince shi ba. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikatan Mancesta da kewaye, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka keɓe don harbin tsuntsaye. Aka yi kokawa da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, cikinsu har da jagoransu Benny Rothman. Daga baya aka samu dokar 1949 ta gandayen shaƙatawa na ƙasa, yankin Peak District ya zama na farko a 1951, dokar shekarar 2000 kuma ta buɗe tuddai da fadamun da ba a nomawa ga masu yawo.

Sai dai a nan ne kare ke jawo rigima. A irin waɗannan filaye dole ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa, haka nan duk lokacin da ake kusa da dabbobi. Kare mai ladabi a falo yana iya ganin tumaki ya haukace, tunkiya mai ciki kuma gudu kaɗai ya isa ya sa ta ɓari. Dokar 1971 ta ba makiyayi kariya idan ya harbe karen da ke farautar garkensa alhali babu wata hanyar hana shi. Da shanu kuwa shawarar hukuma ita ce in sun taso maka ka saki igiyar, domin karen ya fi ka gudu, kuma shi suke bi.

Shekaru na tafiya, gwiwa ta fara ƙin matakala, sai maganar sayar da gida ta taso. Mu da muka saba da gidan gado, inda ko bango ya tsage ana cewa gidanmu, mukan ɗauka rashin kara ne. Yawanci lissafi ne. A Ingila wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biyan kuɗin gidan kula da tsofaffi, kuma in ba a bar miji ko mata ko wani da doka ta ware a gidan ba, ana lissafa darajar gidan cikin dukiyar. In mutuwa ce ta zo, akwai harajin gado na kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, ko da yake ana ƙara rangwame idan 'ya'ya ko jikoki aka bar wa gidan. Magadan kuma kowa na garinsa da nasa bashin gida a wuya. Wa zai zauna a ciki?

Cinikin kansa ciwon kai ne. Dillali zai zo ya ɗauki hotuna, ya ce a ɓoye kwanon kare da shimfiɗarsa, a wanke darduma saboda wari, a fita da shi yawo duk lokacin da masu saye za su zo dubawa. Ko an yi tayi an sallama, babu abin da ya ɗaure kowa sai ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun yarjejeniya, kafin nan wani na iya zuwa da ƙari a juya wa na farko baya. Sau da yawa mai sayen ma yana jiran a sayi nasa gidan, wanda zai sayi nasa shi ma yana jiran wani, mutum guda ya janye duka cinikin ya rushe. A tsakanin haka ana kwashe kayan shekara arba'in: wasu shagon sadaka, wasu bola. Zanen fensir da ke jikin ƙyaure, inda aka riƙa auna tsawon yara, sai dai a ɗauki hotonsa a waya kafin mai fenti ya iso.

Karen shi ne wanda ba ya shiga kwali. Gidajen bene da yawa sharuɗɗansu sun hana dabba, haka ma gidajen kula da tsofaffi da dama. Akwai tsofaffin da ke ƙin ƙaura har su jigata don kada a raba su da shi, kuma ban ga laifinsu ba, tun da shi ne ya zauna lokacin da kowa ya tafi. Saboda irin wannan aka kafa Cinnamon Trust a 1985, inda 'yan sa-kai ke fita da karnukan tsofaffin da ƙafa ta gaza, su kuma riƙe dabbar idan mai ita ya kwanta asibiti ko ya rasu. A dokar Ingila kare dukiya ne, ba ya cin gado, don haka mai son a kula da nasa sai ya rubuta sunan wani a wasiyya, ya bar masa karen haɗe da kuɗin abinci da na likita.