A mayar wa ƙauye ikonsa

Kafin Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarauta a 1837, ƙauyen karkarar Ingila da cocinsa su ne ƙaramar hukuma. Masu biyan haraji kan taru a wani ɗaki na cocin, galibi limamin cocin na shugabanta, su yanka kuɗin ciyar da matalauta da na gyaran hanya. Sai aka dinga zare wannan iko sannu a hankali. Dokar 1834 ta haɗe ƙauyuka rukuni-rukuni ta karɓe kula da matalauta, rajistar haihuwa da mutuwa kuma ta koma hannun gwamnati a 1837. Lokacin da aka ba ƙauyukan zaɓaɓɓun majalisu a 1894, an riga an kwashe naman, romo kawai suka tarar.

Abin da nake jiye wa ƙasar Dakoro ta jihar Maraɗi ke nan. Tun zaɓen 2004 aka samu ƙananan hukumomi a Dakoro, Kornaka, Birnin Lalle da sauransu, amma rigima ba a ofishin magajin gari take tashi ba. A bakin rijiya take tashi, ko ranar da garke ya taho daga Kwarin Tarka ya iske gero ya yi kai a tsakiyar burtali. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar karkara ta 1993 ta buɗe hanyar kafa kwamitocin kula da filaye har zuwa ƙauye. To, kwamitin da ba shi da littafin rubuta jingina da aron gona, ba shi da kuɗin kafa alamomin burtali, suna ne kawai.

Za a ce mai gari zai fifita danginsa, kuma makiyayi mai tafiya da damina da rani ba shi da ƙauyen da zai tsaya masa. Wannan tsoro yana da tushe. A Ingilar ma, ɗan ƙwadagon da ba ya biyan haraji ba shi da bakin magana a taron, kuma matalaucin da ba ɗan gari ba ana iya tasa ƙeyarsa zuwa ƙauyensu. Sai dai ɗauke shari'a zuwa nesa ba ya kare Bafulatani ko Buzu, kuɗin mota da kwanakin jira kawai yake ƙara masa. Abin da zai kare shi kujera ce a kwamitin, da shaida rubutacciya wadda mai gari ba zai iya musantawa baɗi ba. Hukumomin Maraɗi su ba kwamitocin nan littafi da kuɗin aiki kafin shuka mai zuwa.