ƘURA MA TANA DA WUTA

Lokacin hunturu, in mutum ya tuɓe rigar nailan cikin duhu, yakan ga ɗan tartsatsi. Irin wutar nan ce ke taruwa cikin tiyon injin tsotsar ƙura na kafintoci.

Ga yadda abin yake. Tsakanin tiyo da injin ana ɗora wani mazurari bisa durum. Iska ta shiga ta gefe, ta yi juyin guguwa. Ƙura mai nauyi ta faɗa durum, iska ta fita ta sama. Amma gogayyar busasshiyar ƙura da roba tana tara lantarki. Wanda ya taɓa, ta fizge shi. Fizgar ba ta kisa. Sai dai mai aiki kusa da zarton inji, in ya zabura, yana iya rasa yatsa.

Maganinta wayar jan ƙarfe. A ɗaura ta ga durum da duk wani ƙarfe na mazurarin, a kankare fenti wurin ɗaurin. A kai ta ga turken ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Busasshiyar ƙasa ba ta shan wutar sosai, don haka da rani a riƙa zuba ruwa gindin turken.

Durum ya zama mai kauri, don marar kauri yakan lotse. Murfi ya rufu ruf. A ɗaure durum kada ya kife, a juye shi tun bai cika ba.

Kada a tsotsi garwashi ko guntun sigari. Masu injin niƙa ma su kula: a 1878, a birnin Miniyapolis na Amurka, ƙurar garin alkama ta kama wuta, gidan niƙa ya fashe, mutum 18 suka mutu.