Wa Ke Auna Aikin Masu Ba da Agaji?

Bayan girgizar ƙasar da ta ruguza Port-au-Prince, babban birnin Haiti, ranar 12 ga Janairun 2010, kuɗin agaji sun yi ta kwarara daga ko'ina. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka kaɗai ta tara kusan dala miliyan 500. A 2015, binciken kafar labarai ta ProPublica da gidan rediyon NPR ya gano cewa gidajen dindindin da ta gina shida ne kacal. Ƙungiyar kuwa ta ce ta sama wa mutum sama da 130,000 matsuguni, kuma rikicin mallakar filaye ne ya hana gini. Mai yiwuwa kowa ya faɗi gaskiya, sai dai kowa da mudun da yake awo.

Nan gizo ke saƙa. Mai ba da agaji yakan lissafa abin da ya raba: buhuna, tantuna, gidajen sauro. Wannan lissafi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne sanin ko iyalin da ya karɓi tanti ya koma ƙarƙashin rufin kansa.

Ba a rasa ma'auni ba. Bayan kwalara ta hallaka dubban 'yan gudun hijirar Ruwanda a Goma a 1994, ƙungiyoyin agaji sun kafa shirin Sphere a 1997, wanda ya ƙayyade aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a kullum, da masai ɗaya ga mutum 20. Abin a yaba ne. Amma wace ƙa'ida ce ta lissafa ɓarnar da mai taimako ya jawo? A Oktoban 2010, ƙazantar sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan Nefal ta gurɓata kogin Artibonite na Haiti, kwalara ta kashe kusan mutum 10,000. Sai a Disamban 2016 babban sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar mutanen Haiti.

A ganina, tushen matsalar shi ne rahoto wurin mai kuɗi yake tafiya. Wanda aka yi domin shi ba kasafai ake jin ta bakinsa ba. Ko gwamnatin Haiti ba ta sami kashi 1 cikin 100 na kuɗin agajin gaggawar ba. A taron duniya kan agajin jin ƙai da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 ga ƙungiyoyi da hukumomin cikin gida kafin ƙarshen 2020. Wa'adin ya wuce ba a ko kusanci wannan adadi ba.