Ciwon Sukari: Karatun da Mai Shi Yake Bukata

Mai ciwon sukari kan ga likita na 'yan mintoci ne, wani sai bayan wata uku. Sauran kwanakin shi ne likitan kansa: shi zai auna lomarsa, shi zai tuna ƙwaya ko allura. Shi ya sa masana suka ɗauki koyar da majiyyaci a matsayin rabin magani. A Japan har kwantar da mutum ake yi mako ɗaya ko biyu, ba don jiki ya yi tsanani ba, sai don ya koyi awon jini, allurar insulin da tsarin abinci.

Kamaru ba ta rasa masana ba. Ɗanta ne, Farfesa Jean Claude Mbanya, ya zama shugaban Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya a 2009. Matsalar tana tsakanin bakin likita da kunnen mara lafiya. Dattijuwa daga unguwar New Bell ko Grand Hangar ta je asibitin Laquintinie a Duwala, an yi mata bayani da Faransanci, an miƙo takarda mai lambobi. Awon sukarin jini da safe kafin a karya, in ya kai giram 1.26 a lita kuma aka sake aka samu haka, ciwon ya tabbata. Ita kuwa abin da za ta kawo gida kalma uku ce: "An hana zaƙi."

Sai ta daina sa sukari a shayi, amma ta ci gaba da burodi, shinkafa da bobolo son ranta, alhali duk sukari suke zama a jini. Ba laifinta ba ne. Ba wanda ya faɗa mata da Hausa.

Ƙafa ma abin koyo ce, don ciwon kan kashe jijiyoyin ji. A duba tafin kullum, a tsane tsakanin yatsu bayan alwala, a zazzage takalmi kafin a sa, kada ƙusa ta shiga ba a sani ba.

Sai azumi. A je wa likita tun Sha'aban ya gyara lokutan magani. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. In awo ya sauka ƙasa da giram 0.70 a lita, ko rawar jiki da gumi mai sanyi suka zo, a sha ruwa nan take da sukari ƙwaya uku, ko da saura kaɗan a kira magariba.