Zauren da Ya Koma Shago

Duk wanda ya san Kano shekaru arba'in da suka wuce, idan yau aka tsayar da shi a kan gadar sama ta Ƙofar Nassarawa aka ce ya nuna inda gari ya ƙare gona ta fara, lalle zai rasa ta cewa, domin wuraren da a da ake lissafa su cikin ƙauyuka, irin su Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Hotoro da Na'ibawa da Mariri, duk gari ya haɗiye su, har abin da muke kira Kano yanzu ya game ƙananan hukumomi 8. Bunƙasa kuwa ba baƙuwa ba ce a nan. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 sai ciniki ya ɓalle zuwa wajen badala, Sabon Gari ya tsiro, Fagge ta cika. Amma a duk waɗancan sauye-sauye tsarin zama bai gushe daga asalinsa ba, wato gida da zaurensa, unguwa da mai unguwarta. A zamaninmu ne aka taɓa wannan asali.

Mu fara da saye da sayarwa. A 2014 aka buɗe katafaren kantin nan na Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, jama'a suka yi ta tururuwa, wasu don sayayya, da yawa don kallo, har wasu suka zaci kwanan tsofaffin kasuwanni ya ƙare. Sai ga shi a watan Janairu na 2024 Shoprite, wanda shi ne mafi girma a cikinsa, ya rufe reshensa, alhali Kantin Kwari da Singa da Dawanau na nan maƙil da mutane. A ganina dalilin bai tsaya ga tsadar rayuwa kaɗai ba. Ciniki a wurin Bakano mu'amala ce tsakanin mutum da mutum: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a nemi gyara, in hali ya yi wuya a karɓi kaya bisa amana zuwa ƙarshen wata; kuma kantin da aka manna wa kowane kaya farashinsa, komai kyansa da sanyin iskarsa, ba shi da ikon duban fuskar magidanci ya gane cewa yau aljihunsa ba nauyi.

A wannan fage, ke nan, tsohuwar ɗabi'a ta yi rinjaye. Inda aka ci mu da yaƙi shi ne wajen cin abinci.

Waɗanda suka tashi a cikin birni sun san ciyayya. Idan aka idar da sallar magariba, kowane magidanci za a fito masa da akushinsa zuwa zauren dattijon layi, a jera tuwo da miya iri-iri, mai wadata da mai ƙaramin ƙarfi su sa hannu a ƙwarya guda, ta yadda wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba zai ƙoshi ba tare da kowa ya san sirrinsa ba, baƙo ya samu rabonsa, almajiri ya tafi da saura. A wannan zama ne ake jin wane ba shi da lafiya, a sulhunta ma'aurata, a tsawata wa yaro ko na waye. Haƙƙin maƙwabtaka da Shari'a ta tsananta a kansa, zaure ne makarantar da ake koyon aiki da shi.

Yau ma'aikacin da ke kwana a Ɗanbare yana aiki a Bompai ba zai iso gida ba sai bayan isha'i, ya gaji da cunkoso a cikin adaidaita sahu, sai ya tsaya wurin mai shayi ko mai gurasa, mai hali kuma ya shiga gidan cin abinci ko ya yi waya a kawo masa shawarma. Ban ga aibi a cikin wannan ba, halal ne, kuma dubban matasa da mata na cin abinci da sana'ar. Abin da ke sosa mini rai shi ne makomar zauren kansa. Mai gida ya rasu, magada sun yi yawa, gida ba ya rabuwa, sai a sayar wa attajiri ya rushe ya tayar da bene na shaguna. Inda ba a sayar ba, sai a fasa bangon zaure a sa ƙofar ƙarfe a ba da haya. A sababbin unguwanni kuwa, masu kuɗi sun kewaye kansu da doguwar katanga, talakawa sun cunkushe a filayen awon igiya inda ba a bar wa lungu faɗi ba balle zaure, kududdufan da ke shanye ruwan damina an cike su an yi gini, ita kanta badala ana ta gutsurarta.

Ba wanda zai hana gari girma, kuma neman halal ta hanyar haya ba zunubi ba ne. Sai dai ina roƙon hukumar tsara birni da masu unguwanni da limamai su sa baki tun kafin a zuba harsashi: kada a amince da sabuwar unguwa sai an ware mata magudanar ruwa da filin da jama'a za su zauna. Kai kuma mai karatu, idan Allah Ya hore maka fili, ka rage wa shago taku kaɗan ka fitar da zaure, ka shimfiɗa tabarma, ka aika a kira maƙwabcinka.