Motar-gida a jeji: wane ƙashin mota ne ke jure wa tafiya?

A ƙasashe irin su Jamus, Ostareliya da Amurka, akwai masu sayen mota a gina musu ɗaki a bayanta, da gado da murhu da tankin ruwa, su shafe makonni a jeji, nesa da gidan mai da garejin bakanike. Kafin a kai ga zancen katifa da labule, tambayar farko ita ce a kan wane ƙashi za a ɗora ɗakin, wato casis, ƙarfen da ke riƙe da inji da tayoyi da dukkan nauyi.

Nauyin ne ma tushen matsalar. A Turai lasisin ƙaramar mota ya tsaya a kilo 3,500. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 200 kaɗai ya cinye kilo 200, ba a lissafa mai da abinci da tayoyin safaya ba.

Mercedes Sprinter mai jan ƙafa huɗu tana da farin jini saboda faɗin ciki da daɗin tuƙi a kwalta. Sai dai injinta na zamani kwamfuta ce ke sarrafa shi, yana buƙatar dizal mai tsabta da kuma ruwan AdBlue. Idan ruwan ya ƙare, bayan gargaɗi motar kan ƙi tashi. A tsakiyar hamada wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984, ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Har yaƙin Chadi da Libiya na 1987 aka laƙaba wa sunan Toyota. Ƙashinta dogayen ƙarafa biyu ne da aka haɗa kamar tsani, kuma tsohon injinta 1HZ mai lita 4.2 yana shan man da ya samu ba tare da ƙorafi ba. Ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba, amma daga Agadas zuwa Njamena da wuya a rasa wanda ya san cikinsa. Ga mai nufin yin nisa, wannan ya fi kowace ƙawa daraja. Aibinta shi ne ƙuncin ɗaki, kuma idan aka yi mata gini mai tsawo, takan nemi kifewa a gefen tudun rairayi.

Iveco Daily mai jan ƙafa huɗu tana tsakiya: ƙashin tsani irin na babbar mota, jiki kuwa madaidaici.

Sai Unimog, giwar cikinsu. An ɗaga aksil ɗinta sama da tsakiyar taya, saboda haka takan haye dutsen da zai fasa cikin wata motar. Ƙashinta kuma da gangan aka yi shi yana murɗewa, domin tayoyi huɗun su ci gaba da taɓa ƙasa a kan gargada. Wannan murɗewar ce ke tsaga bangon ɗaki idan aka ɗaure shi kai tsaye, shi ya sa maƙera ke ɗora shi a kan maƙalai uku ko huɗu masu motsi. Gudunta bai cika wuce kilomita 90 a awa ba, tana shan mai, tana buƙatar lasisin babbar mota, kuma ranar da ta kafe a taɓo, ƙaramar mota ba ta iya fitar da ita.